Kuɗin ritaya a Amurka: ajiya a wurin aiki, shawara sai an saya

Yaya, barka da war haka. Ka tambaye ni ko gaskiya ne ma'aikaci a nan ba ya fargabar tsufa. Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na rubuto.

Fargaba akwai ta, launinta ne dai daban. A gida dokar fansho ta 2014 ta yanke magana: ma'aikaci ya ba da kashi 8, ma'aikatarsa ta ba da kashi 10, kuɗin su tafi kamfanin fansho, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Kai naka jira ne, da addu'ar a riƙa zuba kuɗin a kan lokaci. A nan galibin ma'aikatan kamfanoni ba su da fanshon kamfani da ake biya wata-wata har ƙarshen rai. Abin da muke da shi ana ce masa 401k, lambar wani sashe ne na dokar haraji da aka shigar a 1978. Kai za ka faɗi nawa za a riƙa cira daga albashinka, iyakarsa dala 23,500 a shekarar 2025, da ƙarin 7,500 ga wanda ya kai shekara 50. Kamfani da yawa suna ɗora nasu a kan naka, amma doka ba ta tilasta musu ba. Daga nan sai a miƙo maka jerin asusun zuba jari masu dogayen sunaye, a ce zaɓi. Ma'aikacin jinya ne kai ko direba, ranar ka zama mai juya dukiyar tsufanka.

Dole mutum ya nemi wanda ya sani, kuma masu ba da shawara kan kuɗi sun cika gari. A nan na ga abin da nake so ka fahimta.

Na farkon da na je wurinsa ya tarbe ni hannu bibbiyu, ya zaunar da ni, ya karɓi takardar asusuna yana juya shafuka. Tambayarsa ɗaya ce: "Ban da wannan, nawa kake da shi a waje?" Da na ce kusan duk abin da na tara yana cikin asusun wurin aiki, sai ya rufe takardar a hankali, ya ce in dawo idan na bar aikin ko na kai shekara 59 da rabi. Ba wulaƙanci ya yi mini ba, lissafi ya yi. Yawancinsu suna karɓar kusan kashi 1 cikin 100 na dukiyar da suke juyawa kowace shekara. Kuɗin 401k kuwa suna ajiye a hannun kamfanin da ma'aikatarka ta ɗauka, irin su Fidelity ko Vanguard ko Empower, kuma galibi ba a fitar da su muddin kana bakin aiki kafin waɗancan shekarun. Abin da hannunsa bai kai gare shi ba, ba shi da inda zai yanki rabonsa.

Ranar da ka bar aiki kuwa waya ba za ta huta ba. Kowa shawararsa ɗaya: kwashe kuɗin ka mayar asusun ƙashin kanka, wato IRA, mu kula maka da su. Wani lokacin hakan daidai ne, musamman idan asusun wurin aikin yana da tsada ko zaɓinsa kaɗan ne. Amma kashi 1 na dala 200,000 dala 2,000 ne, bana da baɗi da shekarar da ke biye, ko kasuwa ta yi kyau ko ta faɗi. Akwai kuma abin da ba kowa ke gaya maka ba. Wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta yana iya cirar kuɗi daga 401k na wannan ma'aikatar ba tare da tarar kashi 10 da ake cin mai cira da wuri ba. Da zarar ya mayar da su IRA, wannan sauƙin ya tafi, sai 59 da rabi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka tambayar farko ga mai shawara ita ce: wa ke biyan ka, kuma ta wace hanya?

Wadda ta yi mini amfani ba ta taɓa kuɗina ba. Ladan awa take karɓa, ba kamasho, ba ta sayar da komai. Tana da shaidar CFP, ta ƙwarewa a tsara harkar kuɗi, ta kuma rubuta mini cewa doka ta ɗora mata fifita maslahata a kan tata. Kafin in je na duba sunanta a shafin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, da na BrokerCheck, inda ake ganin ko an taɓa kai ƙarar mutum. Kyauta ne, kuma ina fata a ce muna da irinsa a gida ga duk mai karɓar kuɗin jama'a. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan layi da ban taɓa kula da shi ba, na kuɗin hidimar kowane asusu, ta nuna mini guda biyu masu zuba jari kusan wuri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗayan tsada sau da yawa. Ta rubuta abin da zan canza, na koma gida na canza da hannuna. Kuɗin awar ya yi mini nauyi a ranar, amma sau ɗaya na biya, kuma na san nawa ne.

Sai dai akwai damuwar da mu muke ɗauke da ita wadda sai ka faɗa da bakinka, don ba za ta zo musu a rai ba. Asusun da ake jefa ka ciki idan ba ka zaɓa ba, mai ɗauke da shekarar ritayarka, akwai takardun bashi masu ruwa a cikinsa, kuma yana ƙara su kana ƙara tsufa. A wannan fannin gida ya riga su, tunda PenCom ta buɗe asusun fansho rukuni na 6 marar ruwa a 2021. A nan sai ka roƙi ma'aikata ta sa asusu irin na Amana, mai bin ƙa'idojin Musulunci, a jerinta, ko ka tambaya ko tsarinku yana da ƙofar da ke ba ka damar sayen asusu daga waje.

Batun gado ya fi tayar mini da hankali. A dokar tarayya, mai aure idan ya rasu, 401k ɗinsa gaba ɗaya na matarsa ne, sai in ita ta sa hannu ta yafe a gaban shaida. Wasiyya ba ta ture wannan. Wanda ke son a raba bisa shari'a, har iyayensa da ke gida su sami rabonsu, tun yana raye zai zauna da iyalinsa da lauya a gyara takardu. Na san 'yan'uwa a nan da suka shekara ashirin suna aiki, ba su taɓa buɗe shafin magada ba.

Ga mai niyyar dawowa gida kuma, Amurka da Najeriya ba su da yarjejeniyar haraji. Wanda ba ɗan ƙasa ba, idan ya koma ya daina zama mazaunin Amurka, ana riƙe kashi 30 na abin da ya cira tun daga tushe. Mai shawarata ta ce wannan ba fanninta ba ne, ta tura ni wurin masanin harajin ƙasa da ƙasa. Wata mai zuwa zan gan shi in Allah ya yarda, kuma abin da ya ce zai shafi lokacin dawowar da kake ta tambaya. A gaida Hajiya da yara.