Sashen awon bakin mahaifa na wani asibitin kuɗi a Kano: abin da muka tarar

Yayata ta shafe kusan shekara guda tana fama da abin da mata ke kira sanyi, wato fitar ruwa mai ƙarni, kuma duk maganin da ta karɓo a kemis ko wurin masu gargajiya sai ya lafa na 'yan kwanaki ya dawo. Da ta fara ganin jini a tsakanin al'ada, na raka ta wani asibitin kuɗi da ke da sashen awon bakin mahaifa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a yi gaggawar rubuta mata magani ba. Likitar ta ɗebi ruwan gaban da tsinken auduga ta aika ɗakin gwaji, sannan ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa tsantsa, cewa a gaban mace mai lafiya akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ake kira Laktobasilus, waɗanda ke riƙe tsamin wurin, kuma idan suka ragu wasu ƙwayoyin suka mamaye, ana yawan ganin wata ƙwayar cuta ta bairas da ake kira HPV ta daɗe ba ta bar jiki ba. Ta jaddada cewa sanyi ba ya haifar da cutar kansa kai tsaye. HPV ce tushen cutar, musamman nau'i na 16 da na 18, waɗanda ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa. Da ta tambayi Yaya ko tana yin matsi ko wanke ciki da sabulu, Yaya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Likitar ba ta yi faɗa ba, sai ta ce: "Hajiya, masu gadin gidan kike kora."

Awon bai ɗauki lokaci ba. Mace ce ta yi shi a bayan labule, ta shafa ruwan kal a bakin mahaifar, wani gefe ya yi fari, alamar akwai abin zargi, aka yanki ɗan nama domin bincike. Sakamakon ya tabbatar da cewa cutar kansa ce.

Daga nan ne rauninsu ya bayyana. Na'urar sikanin kaɗai suke da ita, alhali hoton MRI, wata babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ne ya fi nuna girman ƙarin kansar da kuma ko ya tsallaka zuwa naman da ke kewaye da mahaifa, ko mafitsara, ko dubura, wanda da shi ake yanke shawara tsakanin tiyata da gasa ƙarin da na'ura. An karɓi kuɗin sikanin tukuna, bayan an gama aka ce mana bai wadatar ba, abin da ya kamata a faɗa tun a wurin biya. Takardar turawa aka miƙo mana ba tare da an nema mana rana ba, muka yi ta yawo da fayil a hannu har muka sami wurin da na'urarsu ke aiki.

Duk da haka, mace mai fama da sanyin da ya ƙi jin magani zan tura ta can, domin a wurin awo da bayani sun cancanci yabo, amma ta tanadi kuɗin hoto a wani wuri. Hoton Yaya ya nuna ƙarin bai wuce bakin mahaifa ba, kuma an sa mata ranar tiyata. Kafin mu bar asibitin likitar ta tambayi shekarun 'yar Yaya, ta ce a kai ta rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta tun watan Oktoba na 2023.