Shagon ɗinkin miji da mata a Wadata, da tsarin da korona ta bar musu

Kusa da kasuwar Wadata a Yamai akwai wani shagon ɗinki da miji da mata suke riƙe da shi: maigidan yana ɗinkin maza da surfani a shago, uwargidan kuma tana ɗinkin mata a cikin gida. Ɗinkinsu mai tsabta ne, wuyan riga yana zama daram, kuɗin aiki kuma bai wuce na sauran telolin unguwar ba. Sai dai tsarin da suke bi a yau annobar korona ce ta kawo shi, kuma yana da kyau mai kai musu yadi ya san da haka.

Bayan da aka tabbatar da cutar a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, hukuma ta killace Yamai, ta hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Tela kuwa da dare yake rage aikin da ya taru, musamman idan azumi ya gabato. Hana taruwa ta tsayar da anko na biki da suna, ga iyakar Najeriya a rufe tun Agusta 2019. Keken maigidan ya yi shiru, alhali kuɗin haya da na almajiran ɗinki ba su jira kowa ba. Uwargidan ce ta riƙe cefane da takunkumin da take ɗinkawa daga ragowar atamfa, duk da cewa an rufe makarantu, yara suna gida, girki da wanki suna kanta.

Daga nan suka koyi karɓar aiki ta WhatsApp, abokin ciniki ya turo hoton samfurin da yake so, ya biya rabin kuɗi ta kamfanin tura kuɗi na Nita, a kawo masa kaya har ƙofa. Wannan sauƙi ne na gaske, musamman ga matan da ba sa yawan fita.

Aibin shagon shi ne saɓa alkawari a ɓangaren mata. Maigidan yana da masu taimaka masa, ita kuwa ita kaɗai ce tsakanin keke da murhu, kuma a ganina rashin adalci ne a ce wadda ta ceci sana'ar har yanzu ba a ɗaukar mata ko almajira ɗaya ba. Mai son kayan Sallah ya kai yadinsa tun kafin azumi ya kama, ya kuma nemi a rubuta masa ranar karɓa.