Wata 14 ina riƙe lissafin kasuwancina da manhaja: abin da na gani

Shekara shida na yi ina rubuta lissafina a littafi. Shafin hagu kayan da suka shigo, na dama ciniki, can baya kuma sunayen masu bashi. Ban ga aibun hakan ba sai da muka zama mu huɗu, kowa yana karɓar kuɗi, wani a hannu, wani ta banki. Daga nan lissafi ya fara kufce mini. Akantan da ke duba mana takardu a ƙarshen shekara ne ya matsa mini in koma manhajar lissafi, irin wadda ake biya wata-wata, ana buɗe ta a waya ko a kwamfuta.

Makon farko na sha wuya, kuma duk mai shirin farawa ya kwana da sanin haka. Manhajar ba za ta yi maka komai ba sai ka faɗa mata inda kake tsaye a ranar da ka fara: nawa ke banki, nawa ke hannu, wa kake bi, wa ke bin ka, kaya nawa ke sito kuma a nawa ka saro su. Kwana uku muka yi muna ƙirga kaya. Na so in yi ƙiyasi in wuce, akanta ya hana, ya ce in aka fara a karkace duk rahoton da zai biyo baya a karkace zai fito. Gaskiyarsa. Tsarin da manhajar ke bi shi ne kowace shigarwa tana taɓa wuri biyu, in kaya sun fita, to ko dai kuɗi sun ƙaru ko bashin da kake bi ya ƙaru. Tsohon tsari ne, tun 1494 wani masanin lissafi mai suna Luca Pacioli ya bayyana shi a rubuce a Italiya. Manhaja dai ta ɗauke maka wahalar rubuta ɓangare na biyun da hannunka.

Abin da ya sa ban yi da-na-sani ba ya faru ne a wata na uku. Na buɗe rahoton riba da asara, na ga riba mai kyau, alhali a ranar ina neman kuɗin da zan biya dillalin da ke kawo mana kaya ban samu ba. Raina ya ɓaci, na ɗauka manhajar ce ke ruɗa ni. Ashe tana ƙirga ciniki ne tun ranar da na fitar da takardar neman biya, ba ranar da kuɗin suka shigo hannuna ba. Sai na buɗe rahoton masu bashi, wanda ke kasa su gida-gida: waɗanda suka kai kwana 30, da 60, da waɗanda suka haura 90. Mutum 11 na tarar a gidan ƙarshe. Biyu daga cikinsu har na manta ina bin su, kuma a makon da na buɗe rahoton ɗayansu ya sake ɗaukar kaya. Ribata tana nan, amma tana aljihun mutane. A littafi waɗannan sunaye a warwatse suke cikin shafuka, wani an soke, wani an ƙara da biro a gefe, ban taɓa ganin su jere a wuri ɗaya ba.

Haka kuma ta nuna mini kuɗin da nake zara don hidimar gida. Da ba na rubuta su, tunda a ganina kuɗina ne. Da aka ware musu gurbi na daban na ga jimillarsu a wata, sai na yanka wa kaina albashi.

Fitar da rasit da takardar neman biya yana da sauri, ɗaukar hoton rasit a liƙa shi jikin shigarwa ma yana aiki yadda ya kamata. Ba ni da ƙorafi a nan.

Inda nake da ƙorafi shi ne haɗin da take yi da asusun banki. Tana jawo bayanan shige da ficen kuɗi da kanta, sannan ta yi hasashen gurbin kowanne. Da na karɓi rance don ƙara jari, sai ta zuba shi cikin ciniki, ni kuma na danna amincewa tare da wasu shigarwa da yawa ban karanta ba. Da akanta bai gano ba, da an lissafa mini haraji a kan kuɗin da zan mayar. Wani lokacin kuma yaron da ke kan ciniki ya shigar da biyan wani da hannu, banki ma ya kawo shi, ya zama sau biyu. Na kai tsakar dare ina bin layi-layi kafin in gano inda bambancin ya fito. Kamata ya yi ta riƙa yin gargaɗi ƙarara a irin wannan.

Na biyu, in intanet ya ɗauke, aiki ya tsaya cak, sai mu koma takarda mu shigar daga baya. Na uku ya fi ci mini rai: matakin biyan kuɗin manhajar da na fara da shi bai ɗaukar mutum huɗu, kuma lissafin kayan sito yana mataki na sama, abin da ban fahimta ba sai da na riga na zuba bayanan wata biyu. Da na gwada fitar da bayanaina, teburan lissafi sun fito lafiya, amma hotunan rasit sai ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai fara, ya gwada wannan tun a kwanakin gwaji, kafin ya biya ko sisi.

Mai kasuwanci shi kaɗai, wanda ba ya ba da bashi, littafi mai tsafta zai iya isar sa. Amma mai ma'aikata da masu bashi da kaya a sito, ina ba shi shawarar ya koma manhaja. Ni na sabunta rajistata. Duk ƙarshen mako nakan zauna na minti 40 in daidaita ta da bayanan banki, ina karanta kowane layi kafin in amince, kuma masu bashin da suka haura kwana 90 yanzu saura uku.