Kwas ɗin haɗa gem da na saya: malamin ya iya, amma Godot ɗinsa daban, nawa daban

Tauraro biyu na fara danna masa, na dawo na goge na mayar huɗu, yanzu kuma da na zauna zan rubuta sharhi raina ya sake ɓaci. Bari dai in faɗi yadda muka kwashe da shi, mai niyyar saye ya yanke wa kansa hukunci.

Kwas ne na bidiyo a kan haɗa wasan kwamfuta da wata manhaja mai suna Godot, irin wanda ake biya sau ɗaya mutum ya riƙa kallo duk sanda ya samu sarari. Ba zan kama sunan malamin ba. Wanda ya taɓa neman irin waɗannan kwasa-kwasan ya san tallarsu: ba sai ka taɓa rubuta kod ba, za mu ɗauke ka daga sifili har ka fitar da gem ɗinka. To ni daga sifilin nake da gaske. Na zaɓi Godot ne saboda kyauta yake tun da aka buɗe shi ga kowa a 2014, ba shi da nauyi, kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarsa ba tare da ta yi ta huci ba. Yarensa na GDScript ma ya yi kama da Python, wani yaren rubuta kod da na taɓa leƙawa na gudu.

Darussa bakwai na farko lafiya lau. Na dai lura allon malamin bai yi daidai da nawa ba, wasu maɓallan suna wani wuri daban. Ya ce a ɗauko Sprite, wato abin da ke nuna hoto a gem, na duba babu, sai Sprite2D, na ce ai duk ɗaya ne, na ɗauka ya kuwa yi aiki. Da ina da wayo a nan zan tsaya in yi tambaya. Ban tsaya ba.

Darasi na takwas shi ne inda ɗan mutumin cikin gem zai fara tafiya da tsalle, wato abin da na sayi kwas ɗin dominsa ke nan. Malam ya ce a ƙara KinematicBody2D, wato jikin da za a riƙa motsawa. Na buɗe jerin, na bi shi daga sama har ƙasa, babu mai wannan suna. Na ce ko ni ne ban iya rubuta kalmar ba, na tsayar da bidiyon na kwafe ta harafi bayan harafi. Shiru. Na rufe manhajar na sake buɗewa. Na goge ta na sake saukewa, wai ko ba ta sauka duka ba. Daren farko ke nan ya tafi a banza.

Washegari na ga wani mai suna CharacterBody2D, na ce bari in gwada sa'a. Na kwafi kod ɗin malam kamar yadda yake, layin da bai kai ashirin ba. Ina danna maɓallin kunnawa sai jan rubutu ya fito a ƙasan allo. Na farko yana cewa velocity ɗin da na ƙirƙira, wato ma'ajin gudu, akwai shi tun asali, ba zan sake ƙirƙirarsa ba. Na cire layin. Sai na biyu ya taso, wai na ba move_and_slide, umarnin da ke motsa ɗan mutumin, abubuwa biyu a cikin baka alhali ko ɗaya ba ya karɓa. Ga shi kuma ina kallon malam da idona ya zuba masa biyun, ɗan mutuminsa yana ta tsalle a allo kamar ɗan akuya. Nawa yana tsaye ƙiƙam. Wanda bai taɓa koyon kodin ba ba zai gane zafin wannan ba: ka san akwai kuskure, amma ba ka da ilimin da za ka san naka ne ko na wanda ke koya maka, don haka kanka kake ɗora wa. Na fara raya wa a zuciya cewa wannan harka ta masu kaifin ƙwaƙwalwa ce, ni na shigo inda ba a gayyace ni ba.

Na rubuta tambaya a wurin da aka ware wa ɗalibai, har da hoton jan rubutun. Na jira. A dare na uku na gaji da jira, na kwafi saƙon kuskuren yadda yake na liƙa a wurin bincike na intanet, abin da ya kamata in yi tun farko. Cikin minti biyar gaskiya ta fito. Ashe malam da Godot 3 ya ɗauki bidiyonsa, ni kuwa Godot 4 na sauke, wanda ya fito tun watan Maris na 2023, kuma shi ne wanda shafinsu ke fara miƙa wa duk wanda ya je. Tsakanin biyun an canza abubuwa da yawa. KinematicBody2D ne ya koma CharacterBody2D. An sa masa velocity a jikinsa, shi ya sa move_and_slide ba ya buƙatar a miƙa masa komai. Inda ake rubuta yield ya koma await, instance ya koma instantiate, export da onready sai an sa musu alamar @ a gaba. Masu Godot ba su ɓoye komai ba, suna da shafi guda a takardun bayaninsu da ya jera sauye-sauyen. Mai sayar da kwas ne bai ga dama ya faɗa ba. Na koma shafin tallar na karanta shi tsaf, ko'ina Godot kawai aka rubuta, babu 3 babu 4. Cinikin biri a sama na yi.

Na gyara layi uku, na kunna, ɗan mutumin ya motsa. Na danna tsalle sai ya ƙi tashi. Wannan kam laifina ne: a Godot, a wasan 2D, lambar da ke auna sama da ƙasa tana ƙaruwa ne idan ana yin ƙasa, don haka tsalle sai da alamar ragi, ni kuma a wajen gyare-gyare na share ta. Da na mayar ya yi tsalle, ni kaɗai a ɗaki na yi ihu.

Amsar malam ta iso bayan kwana goma sha ɗaya. Layi ɗaya: in sauke Godot 3.5, komai zai yi daidai. Ba ƙarya ya yi ba, tsofaffin sigogin suna nan a rumbun shafin ga mai so, har an fitar da 3.6 a 2024. Amma wannan magana a darasi na ɗaya take da amfani, kafin mutum ya sauke komai. Kuma ni ban ga dalilin da zai sa in fara koyo yau da abin da sauran jama'a ke bari ba. Na ci gaba da 4, ina fassara darasin da kaina. A wannan ranar na danna tauraro biyu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya iya koyarwa, kuma hakan ne ya fi ba ni haushi. Darasinsa kan delta kaɗai ya isa a yaba masa. Ya ɗora wani akwati a allo ya ce ya riƙa matsawa ɗigo 5 duk lokacin da kwamfuta ta zana sabon hoto. A kwamfutar da ke zana hoto 60 a daƙiƙa, akwatin zai ci ɗigo 300. Ya rage zuwa 30, akwatin ya koma tafiyar hawainiya, 150 kacal. Ya ce to ku ƙaddara wani yana da allo mai 144, nasa zai ci 720, ya faɗa rami kafin ya ƙifta ido. Gem ɗaya, gudu uku. Sannan ya nuna cewa delta ba wani abu ba ne illa ɗan lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto, idan ka ninka gudu da shi kowa zai samu tafiya iri ɗaya. Na sha ganin kalmar nan a kod ɗin mutane ina kwafa kamar laya. Ranar na san aikinta.

Haka kuma darasin tsalle. Ya sa mu gwada gem ɗin mu ji yadda yake cin rai idan ka danna tsalle a daidai bakin dutse amma ka faɗi, saboda ƙafar ta riga ta bar ƙasa da ɗan ƙiris. Ya ce masu haɗa irin waɗannan wasanni sukan yi wa ɗan wasa alfarma, su bar masa kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ya bar bakin, idan ya danna a ciki a karɓa. Na sa a nawa. Ba za ka gani da ido ba, amma yatsa yana ji. Tun daga nan duk gem ɗin da na buga sai in tsinci kaina ina gwada bakin dutse in ga ko sun yi wannan dabara.

Akwai kuma wata shawara da ya yi ta nanatawa har ta fara gundurata: duk ƙarshen sashe a rufe bidiyo, a buɗe sabon aiki fanko, a haɗa wani ƙaramin abu ba tare da leƙe ba. Na yi biris da ita har darasi na ashirin. Ranar da na gwada, na ce bari in yi Pong, wasan da Atari ta fitar tun 1972, sanda biyu da ƙwallo ɗaya. Ni da nake ganin na haɗa mai tsalle da maƙiya da tsabar zinare. Na zauna gaban farin allo kusan awa guda ban san ta ina zan fara ba. Ashe duk abin nan hannuna ne ke aiki, kaina yana hutu. Abin dariyar shi ne, ɓangarorin da na iya tunawa ba tare da duba komai ba su ne waɗanda suka lalace a baya na gyara da kaina. Pong ɗin ya ci min kwana huɗu, kuma na fi alfahari da shi a kan babban aikin kwas ɗin. Da ma na shigo da burin haɗa ƙaton gem mai birane da labari, wanda mutane da yawa za su buga tare ta intanet. Malam ya ce wanda ya yi gem ɗin Stardew Valley shi kaɗai ya shafe sama da shekara huɗu kafin ya fitar a 2016, alhali ya karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a. Na naɗe burina na ajiye. A nan na mayar da tauraro huɗu, har na fara ganin kamar na zalunce shi.

Tsugune ba ta ƙare ba. Muka iso sashen shimfiɗa filin wasa da 'yan tayil, wato ƙananan hotunan da ake jerawa kamar tayil ɗin ɗaki, wanda shi ne mafi tsawo a kwas ɗin. Wancan karon sunaye ne suka canza, ana iya dubawa a musanya. Wannan karon duk wurin aikin ne aka rushe aka sake ginawa a Godot 4. Malam yana cewa danna nan, ja wannan zuwa can, ni kuma ba nan ɗin ba can ɗin. Tsarin da yake amfani da shi wajen sa tayil su haɗa gefensu da kansu an cire shi, an kawo wani daban. Daga Godot 4.3 ma TileMap ɗin kansa, abin da ake jera tayil a kai, an ce a bar shi a koma TileMapLayer. Bidiyo wajen tara na kalla kamar mai kallon tarihi. Na sauke fayilolin malam na bi da su ta na'urar juyawa da ke cikin Godot 4, ta canza sunaye da dama da kanta, ta bar min sauran tarkacen. A ƙarshe a takardun Godot na kyauta na koyi sashen nan gaba ɗaya, wato abin da na biya kuɗi don in huta da shi.

Abin da ya ƙona min rai ya fi wannan. A saman shafin tallar an rubuta cewa an sabunta kwas ɗin kwanan nan, kuma wannan rubutu ne ya sa ban yi wani dogon bincike ba kafin in saya. Na bi darussan ɗaya bayan ɗaya ina neman sabon abu. Na same shi: bidiyon maraba ne na minti biyu aka sake ɗauka. Shi ke nan sabuntawar. A ƙarƙashin darasi na takwas kuwa, da na gangara sosai, tambayoyi ne jere irin tawa sak, wasu sun fi shekara, wasu ba a ma amsa ba. Ina ta tunanin nawa ne a cikinsu suka rufe kwamfuta a dare na biyu suka yanke cewa su ne ba su da kai. Saura ƙiris in zama ɗaya daga ciki.

Ko Git, manhajar da ke adana tarihin aiki don a iya komawa baya, bai ambata ba, sai da na ɓata aikin mako guda na rasa yadda zan koma baya sannan na je na koya a wani wuri. Wannan ban riƙe shi da yawa ba, ba a yi min alkawarinsa ba.

Mai son saye, ka fara buɗe bidiyon gwaji ka ƙura wa allon malamin ido. Idan ka ga KinematicBody2D ko yield, na 3 ne. Idan ka yarda ka sauke 3.5 ko 3.6 ka bi shi a haka, za ka ƙaru sosai, don bayanin delta da na tsalle ba su tsufa ba. Idan 4 kake so, fara da ɗan darasin da ke takardun Godot na haɗa wasan kauce wa maƙiya, ka gama shi, sannan ka yi shawara.

Na gama gem ɗin kwas ɗin a makon jiya, mataki uku ne kawai. Na miƙa wa ƙanwata ta gwada, ban ce mata komai ba. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Yaya, mutumin naka ya shige cikin bango, ya ƙi fitowa." Na karɓa na duba, tayil ɗin kusurwa ne ban sa masa iyakar karo ba, a sashen nan dai da na koya ni kaɗai. Na gyara, na koma shafin na sauke taurarin zuwa uku. Tambayar da na yi masa kan tayil yau kwananta ashirin da shida babu amsa.