Daliya ko ziniya a gidan da ke da mage da kwikwiyo

'Yar'uwa, kin tambaye ni furen da za ki shuka a gida, daliya ko ziniya. Ki shuka ziniya, ki haƙura da daliyar nan. Tunda da mage a ɗaki, ga kuma kwikwiyo a tsakar gida, tsakanin biyun da kika ambata ni ko dogon tunani ba zan yi ba.

Idan kin riga kin sayo daliyar, kada hankalinki ya tashi, ba ta cikin furanni masu kisa. Ƙungiyar nan ta kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta sa ta a jerin tsirran da ke cutar da kare da mage da doki, amma cutarwar mai sauƙi ce: ɓacin ciki, amai, gudawa, sai ƙaiƙayi a fata. Ziniya kuwa, ƙungiyar ta sa ta a jerin waɗanda ba su da guba ga dukkan ukun. Sai dai wannan "mai sauƙi" da ake faɗa, ranar da ta faru a tsakar gidanki ba za ki ji sauƙinta ba.

Shekara uku ke nan na sayi dankalin daliya guda shida a nan Jos. Da dankalinta ake shuka ta, kuma in kin gan shi sai ki rantse dankalin Hausa ne, dogaye a cure wuri guda. Na binne su a gefen katanga, na zuba garin ƙashi a ramin kamar yadda mai sayarwar ya ce min. Lokacin Duna, kwikwiyonmu, watansa huɗu. Da safe na fito na tarar da ramuka uku, dankali biyu an gaigaye su an yar. Kafin azahar ya yi amai sau uku, ya ƙi ko kallon tuwon da aka jiƙa masa da romo, ya je ƙarƙashin tankin ruwa ya kwanta. Da na juya shi, fatar cikinsa, nan inda babu gashi sosai, ta yi ja, yana ta susa da ƙafar baya. Maigida ya ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi, na ƙulla masa guntun dankalin a leda ya tafi da shi. Likitan ya ce ƙanshin garin ƙashin ne ya ja shi tono, ya sa a wanke masa ciki da baki, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Kwana biyu ya warware. Amma daren farko ban runtsa ba, ina ta leƙa shi da tocila, yaran kuma suna ta tambayata ko zai mutu.

Kyau kam daliya tana da shi, wannan ba zan hana ta ba. Ba banza ƙasar Meziko ta ɗauke ta furen ƙasa a 1963 ba. To amma 'yar kan duwatsu ce, mai son sanyin dare. Mu nan Jos da muke sama da teku da mita wajen 1,200 tana ɗan yi mana biyayya. Ke da kike Kano, inda zafin Afrilu ke taɓa digiri 40, wahala kawai za ki saya da kuɗinki. Ga ta da jawo dodon koɗi, kuma maganin dodon koɗin da ake barbaɗawa a gindinta, mai sinadarin metaldehyde, ya fi ita kanta daliyar haɗari nesa ba kusa ba: kare na cinsa kamar abinci, yana kuma iya sa shi farfaɗiya har ya mutu.

Ziniya fa? Allah Ya yi wa wannan fure albarka. Bayan abin da ya sami Duna na tone sauran dankalin na ba wata maƙwabciya da ba ta kiwon komai, na watsa irin ziniya a wurin. Ko sati ba a yi ba suka tsiro, cikin wata biyu katangar ta cika da ja, ruwan ɗorawa, ruwan hoda da ruwan lemo. Ita ma asalinta Meziko ne, danginsu ɗaya da daliya, amma ita rana take so, zafi bai dame ta ba. Magena, Fara, ta mai da wurin ɗakin hutunta. Da hantsi za ki same ta a miƙe cikin inuwarsu, ganye na shafar bayanta, tana bin malam-buɗe-littafi da ido, wani lokaci ta kai wa fure cafka ta ɗan tauna. Ina wanke-wanke ina kallonta, gabana bai taɓa faɗuwa ba. Duna ma ya sha bi ta ciki da gudu ya karya biyu-uku, su sake toho. Kina yankan furen yana ƙara yin rassa, in kuma ya bushe ki murje kan a tafin hannunki, ga irin baɗi ya fito, ki zuba a ambulan. Tun sayen farko ban ƙara kashe ko kwabo a kan iri ba.

In cikar furen daliya ne ya ɗauki hankalinki, akwai ziniya mai irin wannan cikar, ganyen furenta a jere rututu. Ki nemi wadda aka rubuta Benary's Giant a jikin takardar irin, furenta kan kai faɗin tafin hannu. Aibinta ɗaya da na sani, in ana jiƙa ganyen da yamma yakan yi farin funfuna kamar an barbaɗa gari. Ki riƙa zuba ruwa a gindi, da safe, ki kuma ba su tazara. Mage in ta cika ciki da kowane irin ganye tana iya amayar da shi, wannan ba guba ba ne.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, don masu sayar da fure a bakin titi sun ƙona min rai ba sau ɗaya ba. Duk wanda kika tambaya ko furen nan na cutar da dabba, amsarsa ɗaya ce: "Ba ya komai, Hajiya." Da yawansu ko sunan abin da suke sayarwa ba su sani ba, wasu kuma sun sani, ciniki ne ba sa so ya wuce su. Mai dankalin nan, cikin shidan da ya ba ni biyu wuyansu a karye yake, babu idon da zai tsiro, ya kuma san haka. A intanet ma za ki ga ana tallan irin daliya shuɗiya da hoto mai ɗaukar ido. Babu daliya shuɗiya, hoton aka rina.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne su cusa miki wani furen a matsayin gyara. Biyu ki kiyaye. Na farko lili, mai manyan furanni kamar kakaki da ƙamshi, wanda ake yawan sawa cikin furen kyauta da na biki. Ga mage wannan ajali ne: ganye, fure, garin nan mai ruwan ɗorawa da ke manne mata a gashi ta lashe, har ruwan kwalbar da aka tsoma shi, kowanne na iya kashe mata ƙoda cikin kwana uku. Na biyu kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, da ake sayarwa a tukwane ko'ina yanzu. Ruwan jikinta na cutar da zuciya, da shi mafarauta a sassan Afirka ke shafa wa kibiya dafi. Ko kyauta aka ba ki kada ki shigo da ita inda kwikwiyo ke tauna duk abin da ya samu.

In kuma tsautsayi ya gitta, don Allah kada ki ɗura wa dabba manja ko madara ko ruwan gishiri da sunan karya dafi, tana iya shaƙewa. Kada kuma ki ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ki cire abin da ya rage a bakinta, ki ɗauki guntun tsiron ko hotonsa. In daliya ce ki sa ido, amai ya ƙi tsayawa ko ta ƙi shan ruwa ki kai ta wurin likita. In lili ce ko kariya, kada ki jira alama, ki tafi a lokacin.

Ki sayi irin ziniya a rufaffiyar takarda mai suna da kwanan wata, ba wanda aka ƙulla a leda ba. Ki bari damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni, ki shuka inda rana ke bugu sosai, da takin shanu da ya ruɓe, ban da garin ƙashi. Ki kewaye wurin da 'yar waya na sati uku saboda kwikwiyon, har su yi ƙarfi. In ba ki samu iri mai kyau a nan wurinku ba ki yi min magana, ina da ambulan biyu na bara.