Linux ko Windows Server, da wanne za a fara?

Ƙanena, ka ce kana karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kwamfutarka RAM giga 4 gare ta, kana son koyon kula da sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da asusun ma'aikata, amma ka rasa wanda za ka kama. Ni dai Linux zan ce maka, kuma kwamfutar taka ce ta raba gardamar.

Windows Server na gwaji kyauta ne har kwana 180, sai dai sauke shi zai ci maka wajen giga 5, ka san yadda forfe zai kwana. Kuma Active Directory, tsarin Windows na riƙe asusun ma'aikata wuri guda, ba ya nuna amfaninsa sai ka tada inji biyu cikin VirtualBox (manhajar tada kwamfuta cikin kwamfuta), ɗaya sabar, ɗaya kwamfutar ma'aikaci. Giga 4 ba za ta ɗauka ba, balle a zafin Afrilu na Damagaram. Debian kuwa, wani nau'in Linux, faifan girka shi bai kai giga 1 ba, in ka bar shi da baƙin allon rubuta umarni kawai, mega 512 na iya riƙe shi.

Maganar asusu ita ce mai nauyi. A Linux komai a fili yake: kowane mutum layi guda ne cikin /etc/passwd, kalmar sirrinsa a rikiɗe cikin /etc/shadow. Ka buɗe masa asusu da umarnin useradd, ka sa shi rukuni, chmod ya faɗi fayil ɗin da zai taɓa, sudo ya faɗi iyakar ikonsa. In abu ya ƙi, kana ganin inda ya ƙi.

A nan fa Windows ya fi, ba na musu. Asusu guda, ma'aikaci ya shiga kowace kwamfutar da ke cikin domen, wato rukunin kwamfutocin da Active Directory ke kula da su. Da Group Policy, dokokin da sabar ke aika wa kwamfutocin domen, kana zaune za ka hana sa USB, ka tilasta sauya kalmar sirri. Ya bar aiki, ka rufe asusunsa sau ɗaya, shi ke nan. Ma'aikatar da teburanta duk Windows ne wannan za ta nema a wurinka, don haka kada ka raina shi. Ko da yake tun 2012 manhajar Samba 4 na iya riƙe domen a kan Linux, sai dai saitinsa na son haƙuri.

Kafin ka koma Windows, ka tabbata DNS, tsarin da ke haɗa sunan kwamfuta da adireshinta, ya zauna maka. Active Directory a kansa ya dogara. In kwamfuta ta ƙi shiga domen, DNS ake fara dubawa. Girka BIND, manhajar DNS, a Debian ɗinka, ka rubuta sunayen da hannunka, sannan in ka samu ƙarin RAM ka sauke Windows Server.