Zama 10 a wurin 'yar fisiyo, bayan shekara 3 ina maganin sanyi

Shekara 3 na yi ina shan maganin sanyi, ashe ba shi ke damuna ba. Raɗaɗi ne a bakin gabana, kamar an shafa barkono a kan yanka. Idan na hau acaba daga Tudun Wada zuwa kasuwar Sabon Gari, duk ramin da muka faɗa sai na cije leɓe. Zaman tahiya ma a karkace nake yi. Ranar girkina kuwa tun la'asar gabana ke faɗuwa, kuma maigida ya fara zaton gudunsa nake.

Na sha ƙwayoyin kemis, na yi allurai, an yi gwaji sau 3 ba a ga komai ba. Gwaggona ta ce a yi ruƙiyya, aka yi. Wata mai kayan mata ta haɗa min matsi da turaren tsugunno, na kwana biyu ban iya zama ba.

Wata likitar mata ce ta fara taɓa wurin da tsinken auduga, ina ce mata nan ne, nan ba shi ba ne. Ta ce sunan abin bulbodiniya, wato zafin gaba da ya kai wata 3 ko fiye ba tare da an ga ƙwayar cuta ko rauni ba. Ta rubuta min takarda zuwa sashen fisiyo, wato sashen gashi, na wani asibiti a nan Zariya. Na yi mamaki, don a sanina masu shanyewar ɓarin jiki da karaya ne ke zuwa gashi.

Ranar farko Sista, wato 'yar fisiyon, ba ta ce in kwanta ba sai da muka yi kusan rabin awa tana tambaya: fitsari, bayan gida, haihuwa, har da yadda nake zama a kan keken ɗinki. Ta ɗauko ƙugun roba ta nuna min tsokokin da ke shimfiɗe a ƙasansa, suna riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura yadda majanyi ke riƙe goyo. Ta ce, "Maman Abba, dunƙule hannunki ki riƙe." Kafin a jima yatsuna suka fara ciwo. Ta ce to haka nawa tsokokin suke, a dunƙule dare da rana; zafi na sa su ƙanƙame, ƙanƙamewar tana ƙara zafin. Nan na fashe da kuka, domin ranar ce aka fara yi min bayanin da ya yi daidai da abin da nake ji.

Aikin kansa a hankali ake yi. Numfashi da ciki, in ja iska tumbi ya tashi, ƙasan ya saki. Miƙe cinya da ɗuwawu. A zama na 3 ne ta fara danna tsokokin ta ciki da yatsa ɗaya, da safar hannu da man santsi, kuma duk inda na ce tsaya sai ta tsaya. Ta hana ni atisayen matse gaba da ake yaɗawa a WhatsApp, ta ce wannan na masu sakin tsoka ne, ni ƙara min ciwo zai yi. Ta kuma raba ni da sabulu mai ƙamshi wajen tsarki, ruwa kawai, da ɗan kamfai na auduga. Ta ba ni labarin gwajin da aka yi a Kanada da mata 212 masu irin wannan ciwon, inda fisiyo na mako 10 ya fi man kashe zafi na lidokain aiki.

Akwai abin da bai min daɗi ba. Layi yana da tsawo, maza da mata a benci ɗaya, kuma labule ne tsakanina da mai gadon kusa, sai da raɗa muke magana. Mace ɗaya ce ta iya wannan aikin, ranar da ba ta nan sai a koma gida. Robobin faɗaɗa gaba masu girma daki-daki da ta ce in riƙa amfani da su a gida ban same su a garin nan ba, daga Kaduna aka kawo min. Kuɗin zama ɗaya dai bai kai abin da nake zubarwa a kemis duk wata ba.

Sai a zama na 5 na fara jin bambanci, kafin nan har na so in daina. Yanzu na gama 10. Zafin bai tafi gaba ɗaya ba, yakan motsa gab da al'ada ko in na daɗe a kan keke, amma ina zaman tahiya daidai, kuma ranar girki ta daina ba ni tsoro. Sau ɗaya maigida ya raka ni, Sista ta yi masa bayani da kanta, tun daga ranar shi ke tuna min da atisaye.

'Yar'uwa, in kin ji labarinki a nan, fara da likitar mata ta duba ko sanyi ne ko ciwon fata. In ba a ga komai ba, ki nemi takardar zuwa fisiyo, ki kuma tambaya tun a teburin kati ko akwai mace mai duba tsokar ƙugu da ranakun da take zama.